Inji iri ɗaya, shanshera iri ɗaya: me ya sa wani ke bunƙasa wani na rufewa?

Alhaji Mai Injin Casa, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masu injinan casar shinkafa, da duk wanda ke riƙe da yara a wurin sana'arsa. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, ga Lake Rice, shinkafar haɗin gwiwar jihohin Kebbi da Legas, a ƙarshen 2016, ga rufe boda a 2019, kowa ya ga yadda ƙananan injina suka cika gari. Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Kamba, duk inda ka waiga ƙarar inji ce. Yau da yawansu an garƙame su da kwaɗo. Abin da ke ɗaure min kai shi ne, za ka ga mutum biyu sun sayi inji iri ɗaya, a kasuwa ɗaya suke sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, wuta ɗaya suke jira, dizal ɗaya suke saye. Ɗaya 'yan sari na yi masa layi, ɗayan kuma buhunsa sai an yi ta roƙo. Ni a ganina bambancin yana wurin halin da maigida ya shimfiɗa wa yaransa. To amma ina son jin ta bakinku.

Ɗan Yawuri:
Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ƙara girma, ni ban yarda ba. Maganar jari ce kawai. Wanda ke da kuɗin sayen shanshera da kaka ya ajiye, shi ke cin riba da bazara. Wanda ba shi da shi, ko waliyyi ne, kasuwa za ta kayar da shi. Tun 2022 dizal ya yi tashin gwauron zabi, a 2023 aka cire tallafin fetur, a 2024 gwamnati ta ɗage haraji na kwana 150 kan shigo da wasu kayan abinci. Wane kyan hali ne zai tare maka wannan?

Hajiya Mai Gumi, Argungu:
Ɗan Yawuri, ƙanena, jari na da muhimmanci, ba mai musu. Amma bari in faɗa maka abin da mu masu kai kaya inji muke gani da idonmu, domin mu ne ke zaune kan benci tun safe muna kallon yadda ake aiki.

Akwai injin da in ka shiga, kafin a zuba shinkafarka yaro zai tura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya ɗebo daga ƙasa, ya ciza ƙwaya ɗaya biyu, ya ce, "Hajiya wannan ba ta gama bushewa ba, in aka casa ta yanzu rabi za ta kakkarye, a ƙara mata rana." Kuɗin casa na wannan rana ya kuɓuce musu ke nan, amma yaron bai ko waiga ya ga ko maigida zai yi faɗa ba. Ya san abin da ake so ke nan a gidan. Akwai kuma inda ko jiƙaƙƙiya ka kawo za a antaya ta a inji, a karɓi kuɗi, ki kwashi gutsattsari ki tafi kina ƙunar rai. In kin yi magana a ce ke kika kawo ta haka.

Mu mata ba ma rubuta komai, amma labari na yawo tsakaninmu fiye da rediyo. Mace ɗaya aka cuta, unguwa guda ta daina zuwa. Wannan asarar ba jari ne ya jawo ta ba.

Akawun Kamfani, Jega:
Hajiya ta taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. Ku yi haƙuri iyayenmu, zan yi magana a madadin ma'aikata. Na yi aiki a wani wuri, ba zan kama suna ba, an manna takarda a bango an rubuta GASKIYA DA AMANA da manyan baƙaƙe. Amma sikeli biyu ne a wurin, na saye daban, na sayarwa daban. Maigida da bakinsa yake cewa a ɗan rage kilo ɗaya a kowane buhu mai kilo 50, wai ba mai lura. To yaron da ka koya wa ya rage wa kwastoma kilo ɗaya, ranar da ba ka nan me zai hana shi ya rage maka buhu ɗaya? A wurin nan ba a taɓa rufe lissafin wata ya daidaita ba. Kullum maigida na kukan yaran zamani ba su da amana.

Malamin Islamiyya, Gwandu:
Subhanallah. Wannan shi ne abin da Suratul Muɗaffifina ta sauka a kansa: waɗanda in za su auna daga mutane su cika, in za su auna wa mutane su tauye. Sannan hadisin da Muslim ya ruwaito kamar don 'yan shinkafa aka yi shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya ce masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Ku duba, yaron da Hajiya ta ba da labari abin da ya yi ke nan, ya fito da danshin fili.

Ɗan Yawuri:
Malam, ba wanda ke jayayya da aya da hadisi. Ni maganar riba nake yi. Na san masu tauye mudu da suka yi gidajen bene, na san masu gaskiya da suka karye.

Malamin Kasuwanci, Birnin Kebbi:
Ɗan Yawuri, gaskiyarka ta wani ɓangare, kuma bai kamata a yi maka rufa-rufa ba: kyan hali shi kaɗai ba ya biyan kuɗin dizal. Amma tambayar Alhaji ita ce, in komai ya zo daidai, me ke raba mutum biyu? Akwai misalin da nake ba ɗalibaina kowace shekara domin ya amsa wannan kai tsaye.

Kamfanin motoci na General Motors yana da masana'anta a garin Fremont na jihar Kalifoniya a Amurka. Ta yi ƙaurin suna wajen rashin zuwa aiki, yajin aiki, da fitar da motoci masu aibi. A 1982 aka rufe ta. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka sa mata suna NUMMI. Abin lura, mafi yawan ma'aikatan da aka ɗauka tsofaffin nan ne da ake cewa ba sa jin magana. Gini ɗaya, gari ɗaya, mutane kusan ɗaya. Cikin ɗan lokaci motocin wurin suka shiga sahun mafi inganci a duk masana'antun General Motors.

Me aka canja? A da, doka ita ce kada layin haɗa mota ya tsaya ko me ya faru. Ma'aikaci ya ga an ɗaura ƙusa a karkace, sai ya kau da kai, domin in ya tsayar da aiki shi za a hukunta. Toyota suka rataya igiya a saman kowane ma'aikaci. Ka ga matsala, ka ja igiya, shugaban rukuninku ya rugo ya taimaka maka, in ba a warware ba layi ya tsaya. Ba a tambayar wa ya yi laifi, ana tambayar me ya jawo. Suka kai ɗaruruwan ma'aikata Japan suka ga yadda ake yi da idonsu. Kuma da kasuwa ta yi sanyi bayan 'yan shekaru, ba su kori mutane ba, sai suka sa su horo. Daga nan ma'aikatan suka tabbatar maganar ba ta fatar baki ba ce.

Yanzu ka dawo da wannan injin casa. Ofareta ya ji ƙarar inji ta canja, ko ya ga tsakuwa na wucewa. In ya san tsayar da inji zai jawo masa zagi a gaban 'yan dako, shiru zai yi. Buhu hamsin su fita da tsakuwa, ɗan sari ya kai Sakkwato ko Legas, a dawo masa da su. Wannan ɗan sarin ba zai zo ya yi maka bayani ba, lambar wani injin kawai zai nema.

Alhaji Mai Injin Casa, Birnin Kebbi:
Malam, Allah ya saka da alheri. Wannan maganar tsoro ita ce babba. Mu a nan an tashe mu da cewa yaro ba ya gyara wa babba. Kunya da ladabi abu ne mai kyau, ba na son mu rasa su, amma a wurin aiki sukan zama bango. Yaro zai ga ka sayi shanshera mai danshi fiye da kima, ya san ya kamata ta sauko wajen kashi 14 cikin ɗari kafin a casa, amma sai ya ce "to Alhaji" ya sunkuyar da kai.

Baba na Kamba:
Salamu alaikum. Ku gahwarce ni, ni ba ɗan boko ba ne, jikana ka rubuta mini abin da ni ce.

Wagga magana ba sabuwa ba ce. Mu da munka tashi gidan maigida muna yaran shago, abu biyu munka sani. Na ɗaya, kwano ɗaya muka ci da ɗiyan maigida. Na biyu, ka san ranar da za a sallame ka. In ka yi shekarunka da amana, maigida shi tara mutane, shi ba ka jari, shi haɗa ka da waɗanda shika sayen kaya wurinsu, shi ce wanga yarona ne, ku ba shi bashi ni na tsaya mai. Saboda haka dukiyar maigida tamkar taka ce, in ta haɓaka sallamarka ta yi kauri.

Yanzu hwa? Yaro shi shekara goma sha biyar shago, shi yi aure shi haihu, ba albashi tsayayye, ba sallama, sai "ga na cefane". In lokacin sallama ya matso sai a laƙa mai sata a kore shi. Sauran yaran suna kallo. Mi kaka so su koya? Kowa sai shi fara sallamar kansa da kansa tun da wuri.

Alhasan Ɗantata da kuka ji, wanda ya rasu a 1955, da mutane ya yi arziki. Kuɗi shika ba wakilansa su shiga ƙauyuka sayen gyaɗa, ba waya ba taransfa. Da bai iya riƙon mutane ba, wa zai dawo mai da canji?

Hajiya Mai Gumi, Argungu:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi ka faɗi gaskiya.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Baba ya kawo tushen. Ni zan ƙara da wani gefen da ba a cika lura da shi ba: abin da maigida ke ba da lada a kansa, shi ma'aikata za su yi, ko da ya saɓa wa abin da yake faɗa da baki.

A 2016 hukumomin Amurka suka ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, saboda ma'aikatansa sun buɗe wa mutane asusu kusan miliyan biyu ba da saninsu ba. An kori ma'aikata wajen 5,300. Mutum dubu biyar ba sa haɗa baki su zama maha'inta rana ɗaya. An ɗora musu adadin asusun da dole su buɗe, wanda ya gaza a ci masa mutunci ko a kore shi, wanda ya cika a ba shi alawus, ba mai tambayar ta yaya. A nan gida ma, a watan Agustan 2009 Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar rana ɗaya, ya zuba naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Ɗan Yawuri, waɗannan bankunan ba ƙarancin jari suka fara da shi ba, bayan haɗewar bankuna ta 2005 kuɗi ne jibge a hannunsu. Yadda aka riƙa ba da bashi ba mai iya cewa shugaba a'a, shi ya cinye jarin.

To ku masu inji, in kuna biyan ofareta a kan yawan buhun da ya fitar kawai, kada ku yi mamaki in ya riƙa gudu da inji yana karya shinkafa. In kuna ba mai sayo muku shanshera kamasho a kan yawan buhu, zai cika mota da ɓuntu da danshi. Ku ɗaura wani kaso na ladan a kan ingancin abin da ya fito, da kayan da ba a dawo da su ba.

Ɗan Yawuri:
Wannan na karɓa, domin lissafi ne. Amma har yanzu ina nan kan bakana cewa mai ƙaramin jari ba ya iya duk waɗannan. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024. Mai yara takwas ya biya wannan, me ya rage masa?

Akawun Kamfani, Jega:
Yaya, dokar ma ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Kuma wallahi yawancinmu ba yawan kuɗin ne ya fi damunmu ba. A faɗa maka nawa ne, a ba ka ranar da aka ce. Akwai wanda zai riƙe albashin yara har goma ga wata, alhali a gabansu ya canja mota. Ranar da ɗan ma'aikaci ba lafiya a ce ba kuɗi. Sannan aljihun maigida da akwatin kamfani ɗaya ne: a aiko daga gida a ɗauki dubu hamsin, ba rasit, ba rubutu. Ƙarshen wata a tsare akawu a ce ina kuɗi.

Malamin Islamiyya, Gwandu:
Ku ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, haka ya zo a ruwayar Ibnu Majah. Kuma mu mutanen ƙasar Gwandu ba mu da uzuri. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu mai yawa kan riƙon jama'a, da shawara, da nisantar cin dukiyar da aka ba ka amana. Muna karanta su a zaure, sai mu ɗauka sarakuna da gwamnoni kaɗai ake nufi. Mai yara takwas a inji shi ma makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin kiwonsa.

Malamin Kasuwanci, Birnin Kebbi:
Kan maganar Akawu ta aljihu ɗaya: dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. A yi rajista, a buɗe asusun kamfani daban, maigida ya yanka wa kansa albashi. In zai ɗauki ƙari, ya sa hannu a littafi kamar kowa. Ranar da yara suka ga Alhaji da kansa ya tsaya gaban akawu ya sa hannu kan dubu biyar, ba sai an sake yi musu wa'azin rasit ba.

Alhaji Mai Injin Casa, Birnin Kebbi:
To ga wadda ta fi wuya, kuma na san kowa na da ita a gidansa. 'Yan'uwa. Ɗan yayarka, ƙanin matarka, ɗan aminin mahaifinka. An kawo maka shi an ce ga ɗanka nan. Ya zo aiki ƙarfe goma, bare ya zo bakwai. Ka yi wa bare faɗa kan abin da ɗan'uwa ya yi ka yi shiru. Duk tsarin da kuka lissafa a nan yake rushewa.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Alhaji, ni shawarata a raba zumunci da aiki. Ka taimaki ɗan'uwa daga aljihunka, ka biya masa makaranta ko ka ba shi jari, amma kada ka ba shi makullin sito don kawai jininka ne.

Hajiya Mai Gumi, Argungu:
A'a, ranka ya daɗe, a nan na saɓa maka. Wannan maganar ofis ce. A garuruwanmu in ka ce ba ka ɗaukar naka, wa zai ɗauke su? Kuma sana'ar gumi ta gidanmu daga kakata ta zo, ta hannun dangi ta iso gare ni. Ni 'ya'yan ƙannena uku ke aiki tare da ni, da wasu mata huɗu da ba mu haɗa komai ba. Abin da na yi, ranar da kowace za ta fara, sai na kira uwarta ta zauna, na faɗi sharaɗi a gabanta: lokacin zuwa, ladan kowane buhu, da abin da in an yi shi za a koma gida. Tukunya ɗaya, itace ɗaya, lada ɗaya. Wadda ta bar shinkafa ta ƙone a tukunya, ko 'yar wa ce, daga ladanta za a cire. Da aka cire wa 'yar ƙanwata sau ɗaya a gaban kowa, uwarta ta yi fushi na 'yan kwanaki, amma sauran matan tun daga ranar ko ba na nan aiki ba ya canjawa.

Baba na Kamba:
Hajiya ta hi ku gaskiya. Maigidanmu ɗansa na cikinsa shika fara hukuntawa. Ba a kore dangi, ana daidaita su da kowa.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Baba, in mutum na da ƙarfin halin Hajiya, na yarda. Damuwata ita ce da yawa ba za su iya ba. In surukarka ta kira ka da dare tana kuka, sharaɗin da aka faɗa a zaure yakan narke.

Ɗan Yawuri:
Nan kam na goyi bayan mai banki. Hajiya mace ce a cikin 'yan'uwanta mata, maganarta na da nauyi. Ka gwada cire wa ƙanin matarka kuɗi ka ga yadda tuwon dare zai kasance.

Akawun Kamfani, Jega:
To ko a ɗauke su, amma kada a sa su inda kuɗi da sikeli suke sai sun yi shekara a ƙasa kamar kowa, sun ɗauki buhu, sun share ɓuntu. Kuma wanda zai duba lissafinsu ya zama bare, wanda maigida ya faɗa a gaban kowa cewa ya ba shi wannan ikon. In ba a faɗa a fili ba, ba akawun da zai iya tambayar ɗan maigida rasit.

Alhaji Mai Injin Casa, Birnin Kebbi:
Akawu, wannan ta ƙarshen zan gwada ta da kakar bana. Hajiya, don Allah ki turo mana sharuɗɗan nan naki yadda kike faɗa wa iyayen, ko da murya ce, ina so in ji lafazin da kike amfani da shi wajen maganar cire lada, domin a nan ne harshe ke yi mini nauyi. Malam na kasuwanci kuma, kason da mai banki ya ce a ɗaura kan inganci, ta yaya za a auna shi a ƙaramin inji da ba shi da na'urar gwada danshi?

Malamin Kasuwanci, Birnin Kebbi:
Abu mai sauƙi, Alhaji. Daga kowane zubi a ɗebi kwano ɗaya na shinkafar da ta fito, a tankaɗe, a ware gutsattsari a auna shi a gaban ofareta, a rubuta a littafi da kwanan wata da sunan wanda ya sayo shansherar. Bayan mako huɗu za ka ga wane mai saye ne ke kawo maka mai danshi, da wane ofareta ne ke gudu da inji. Na'urar gwada danshi ta hannu kuma ana samunta a Kano, ku haɗu ku uku ko huɗu masu injin da ke kusa ku sayi ɗaya.

Hajiya Mai Gumi, Argungu:
Zan turo bayan Isha'i in sha Allahu, yanzu shinkafa na kan wuta.